Zuma a fuska: me take yi, me ake ƙaƙaba mata

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin ga waɗanda data ba ta bari su saurara, da masu cewa sun fi son karantawa da daddare idan gida ya yi shiru.

Yau kan zuma za mu yi magana, zumar da ake shafawa a fuska. Abin da ya jawo maganar wani saƙo ne da wata ƙanwata ta turo min ranar Talata. Ba zan faɗi sunanta ba, ita ta san kanta. Ta ce, "Anti don Allah ki taimaka min, saura sati 3 bikina, fuskata duk ƙuraje da tabo. An ce in haɗa zuma da lemun tsami da bekin soda in riƙa kwana da shi, wai kafin biki zan yi haske. In fara?" Da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin wannan haɗin da ta lissafo, ɗaya bayan ɗaya, shi ne ya taɓa zaunar da ni a ɗaki kusan wata guda ban leƙa ƙofar gida ba. Na ba ta amsa a take cewa kar ta kuskura, na kuma yi mata alkawarin zan yi bayani mai tsawo a shiri. Toh ga shi.

Bari in fara da nawa labarin, don kar ku ce daga karatu kawai nake magana.

Shekara 4 da suka wuce ina ajin ƙarshe a jami'a, ƙuraje suka taso min a kumatu da haɓa. Ba wasu masu yawa ba ne in aka yi adalci, amma kun san yadda abin yake, kai da fuskarka kana ganin ƙurji ɗaya kamar tudu. Sai wata ƙawata ta haɗa ni da wata mai sayar da mai a Instagram, irin waɗanda ke cewa kayansu "oganik" ne. Robar ba ta da wani rubutu sai suna da hoton fure. Ta ce min zuma ce da madara da kurkum da man zaitun, babu komai na Bature a ciki. Na saya. Wallahi cikin sati 2 ƙurajen suka kwanta, fuskata ta yi luwai, ta yi fari. Kowa ya gan ni sai ya ce me kike shafawa. Ni kuma da bakina nake cewa zuma ce kawai.

Bayan wata 5 labari ya canza. Fatar kumatuna ta yi siriri har ina ganin ƙananan jijiyoyi ja-ja a ƙarƙashinta. In na shiga rana kamar an watsa min barkono. Ranar da man ya ƙare na yi kwana 3 ban shafa ba, fuskar ta yi ja, ta kumbura, wasu ƙananan ƙuraje suka feso kamar gero. Maimakon in tafi asibiti, sai na hau TikTok neman mafita, na ci karo da haɗin nan na zuma da lemun tsami da bekin soda. Na shafa da safe, na ɗauraye sama-sama, na fita lakca cikin ranar watan Afrilu. Da yamma goshina da kumatuna sun yi bororo. Da suka warke suka bar min baƙin tabo shimfiɗe, wanda ya fi ƙurajen farko muni sau goma.

Mamata ce ta ja ni asibiti. Likitan fata ya dubi fuskar, ya dubi ragowar robar da na kai masa, ya ce, "Malama, zuma ba ta sa mutum fari cikin sati 2. Abin da ya yi miki wannan aikin, ga dukkan alamu, sitiroyid ne aka zuba a ciki." Ranar na fara jin cewa ana ɗaukar magunguna masu ƙarfi irin su kulobetasol, waɗanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci saboda wata cutar fata, a juye su cikin mai, a ɗiga zuma cokali ɗaya don ƙamshi, a kira shi na gargajiya. Wasu kuma haidirokwinon suke sawa, wasu har da sinadarin makuri wanda ke iya taɓa ƙoda. Abin ya yi yawan da a 2023 hukumar NAFDAC ta fito ta ce shafe-shafen bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Na ɗauki kusan wata 8 kafin fuskata ta dawo tawa.

Kun ga ke nan ina da dalilin jin haushin zuma. Amma da na zauna na yi tunani, zumar ba ta yi min laifin komai ba. Sunanta aka ara aka cuce ni da shi a karo na farko, a karo na biyu kuma abokan tafiyar da na haɗa ta da su ne suka ƙone ni. Shi ya sa na koma na nemi sanin ita kanta zumar, ita kaɗai, me ke cikinta.

Zuma dai kusan kashi 80 cikin 100 sukari ce, mafi yawa furuktos da gulukos. Ruwan da ke cikinta bai wuce kashi 17 zuwa 18 ba idan ta nuna sosai. Wannan ƙarancin ruwan shi ne sirrinta na farko. Ƙwayar cuta tana bukatar ruwa ta rayu, idan ta faɗa cikin zuma sai sukarin ya tsotse ruwan jikinta, ta kasa hayayyafa. Shi ya sa za ka ajiye zuma mai kyau shekara da shekaru a kwalba ba ta lalace ba, alhali kunun aya kwana ɗaya ya ishe shi.

Na biyu, zuma tana da ɗan tsami, ko da harshe ba ya jin sa saboda zaƙi. A ma'aunin da ake kira pH, wanda 7 ne tsakiyarsa, abin da ya yi ƙasa da haka mai tsami ne, zuma tana zama wajen 3.5 zuwa 4.5. Fatar mutum mai lafiya tana wajen 5. Wato ba su yi nisa da juna ba, shi ya sa yawancin mutane ba sa jin zafi idan sun shafa ta. Ku riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa idan mun zo kan lemun tsami.

Na uku shi ne wanda ya fi burge ni. Ƙudan zuma idan yana sarrafa ruwan fure, yana zuba wani sinadari daga jikinsa, sunansa gulukos oksides. Idan zuma ta haɗu da ɗan ruwa, kamar danshin ciwo ko jiƙaƙƙiyar fata, wannan sinadarin sai ya fara samar da haidirojin feroksaid kaɗan-kaɗan. Eh, shi dai wanda ake wanke ciwo da shi a kemis yana kumfa, amma ɗan mitsitsi wanda bai kai ya ci nama ba. Sai dai zafi yana kashe wannan sinadarin. Zumar da aka tafasa a tukunya don a raba ta da kaki ta rasa wannan ɓangaren.

Saboda waɗannan abubuwan, amfanin zuma a kan ciwo tsohon zance ne. Takardun likitancin Misirawan dā, waɗanda suka haura shekara 3,500, sun ambaci sa zuma a rauni. Mu kuma mun taso muna jin ambatonta a Suratun Nahli, kusan kowane gida akwai kwalbarta a ajiye. A zamanin nan wani masani a Jami'ar Waikato ta ƙasar Niyuzilan, Peter Molan, ya shafe shekaru tun daga wajejen 1980 yana bincike kan zumar wata bishiya da ake kira manuka, wadda ke da wani ƙarin sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da sauran zuma ba su da shi da yawa. A 2007 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da abin ɗaure ciwo mai zuma da ake kira Medihoney. A 2015 kuma masu tace bincike na Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 26, suka ga cewa ƙunar da ba ta yi zurfi sosai ba tana warkewa da zuma da wuri, da kamar kwana 4 zuwa 5, a kan wasu magungunan ɗauri da aka saba.

Amma ku lura da abu biyu. Duk wannan maganar ciwo ce da ƙuna. Sannan zumar asibiti an bi ta da wani haske na musamman an kashe duk wata ƙwayar cuta da ke ɓoye cikinta, ba irin ta cikin jarkar bakin tasha ba ce. Masu tallan mai a intanet suna ɗauko sakamakon binciken ƙuna su manna shi a kan ƙurajen fuska, kamar abu ɗaya ne.

Toh ƙurajen fa, an gwada? An gwada. A Niyuzilan ɗin dai, an ɗauki mutum 136 masu ƙurajen fuska, aka raba su gida biyu. Duka suna wanke fuska da sabulu mai kashe ƙwayoyin cuta, amma kashi ɗaya suna ƙarawa da shafa zumar kanuka, 'yar uwar manuka, sau 2 a rana har sati 12. Da aka fitar da sakamakon a 2016, ba a ga wata hujja cewa masu zumar sun fi sauran samun sauƙi ba. Na san wannan ba zai yi wa wasu daɗi ba, ni ma bai yi min ba lokacin da na gani. Amma idan ka san yadda ƙurji ke samuwa, abin ba zai ba ka mamaki ba. Ƙurji daga cikin ramin gashi yake farawa. Maiƙon da fata ke fitarwa ya haɗu da matacciyar fata su toshe ƙofar ramin, ƙwayar bakteriya da ke zaune can ciki ta samu wurin sakewa, wajen ya kumbura. Sinadaran jiki na balaga da na al'ada su ne ke ƙara yawan maiƙon, shi ya sa da yawanmu ƙurajen ke tasowa kwanaki kaɗan kafin al'ada. Zuma kuwa a saman fata take zama minti 15 a wanke ta. Ba ta shiga can ƙasan ramin, ba ta kuma da ta cewa kan yawan maiƙon da jikinki ke fitarwa.

Inda aka ɗan ga haske shi ne irin amosanin nan da ke saukowa fuska, ya kama gira da gefen hanci yana ɓarewa yana ƙaiƙayi. Wani likita mai suna Al-Waili ya gwada ɗanyar zuma da aka sirka da ɗan ruwan ɗumi a kan mutum 30 a 2001, suna shafawa yau su tsallake gobe, su bar ta awa 3, kuma sun samu sauƙin ƙaiƙayi da ɓarewar. Binciken ƙarami ne, mutum 30 ba su isa a kafa doka da su ba, amma alama ce mai kyau.

Yanzu me ya rage wa zuma a fuskar mai lafiya? Laushi da danshi. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zuma tana jawo ruwa ta riƙe. Ku bar murfin kwalba a buɗe da damina ku ga yadda za ta tsinke, ruwan iska ta sha. Haka take yi a fuska, tana riƙe ruwa a saman fata, fatar ta ɗan cika, ta yi santsi, haske ya riƙa sauka a kanta da kyau. Wannan sheƙin shi mutane ke gani su ce zuma ta sa su fari. Launinki na nan yadda yake, fatar ce ta sha ruwa ta daina yin furu-furu. Kuma bayan kwana ɗaya ko biyu sheƙin zai tafi idan ba ki ci gaba da kula ba.

Akwai wani abu da masu bidiyon Turai ba za su faɗa muku ba saboda ba su san hunturunmu ba. Tsakanin Disamba da Fabrairu, iskar Kano ko Sakkwato ko Damagaram bushewa take yi ƙayau, babu wani danshi a cikinta da zuma za ta jawo. Idan kika shafa, kika wanke, kika bar fuskar haka, ruwan da ya taru a saman fatar iska za ta kwashe cikin mintuna, ki ji fuskar ta ɗaure fiye da dā. Dole bayan zuma a bi da mai wanda zai rufe ruwan a ciki. Ni da sanyi ɗan basilin nake murzawa a tafin hannu in dafa a kumatu, wasu man kaɗanya ya fi karɓarsu. In fatarki mai maiƙo ce mai saurin ƙuraje, nemi mai marar nauyi, kar ki lafta man kaɗanya har ki toshe abin da kike neman buɗewa.

Sai babbar matsalar, wadda ta fi duk waɗannan: ina zumar take? Ina da kawu a ƙauye da ke da amya sama da 30 rataye a bishiyoyin ɗorawa da tsamiya. Tun ina yarinya nake ganin yadda suke fita da daddare da hayaƙi su ɗebo saƙa. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, yaya zan gane ta gaske a kasuwa?" Ya yi dariya ya ce, "'Yar nan, ni kaina in an iya haɗin sai a sayar min." Mutumin da ya yi shekara 40 yana harkar ke nan. Masu haɗi suna dafa sukari har ya yi ja, wasu su sa mazarƙwaila, su zuba zuma ta gaske kaɗan don ƙamshi, har su jefa guntun saƙa da mataccen ƙuda a ciki don ka yarda.

Gwaje-gwajen da ake yaɗawa a WhatsApp, a tsoma ashana a ƙyasta, a ɗiga a ruwa a ga ko za ta nutse, a ɗiga a ƙasa a ga ko za ta dunƙule, duk kauri suke aunawa. Sukarin da aka dafa ya yi kauri zai ci wannan jarrabawar, zuma ta gaske da aka ɗebo da damina mai ɗan ruwa-ruwa kuma ta faɗi. Zancen cewa tururuwa ba ta bin zuma ta gaske, ku zo kicin ɗina ku gani. Haka masu cewa in ta daskare ta yi tsaki-tsaki a ƙasan kwalba to sukari ce, su ma sun yi kuskure. Gulukos ɗin cikinta ne ke daskarewa, musamman da sanyi, kuma zuma ta gaske tana yin haka. Farar zumar Oku ta ƙasar Kamaru, wadda ta yi suna har aka yi mata rajistar kariya ta musamman a 2013, da kaurinta take zuwa kamar man shanu. Launi ma ya danganta da furen da ƙudan ya sha, akwai farar saƙa, akwai ja, akwai mai duhu kamar wadda ake samu a wasu dazukan.

Abin da Kawu ya ce min shi ne in sayi zuma a hannun wanda na san inda amyarsa take, ko in saye ta da saƙarta a rufe in matse da kaina. Ƙuda ba ya like ramin saƙa da kaki sai zumar ta nuna, ruwanta ya ragu. Wadda aka ɗebo ba ta nuna ba, ruwanta ya haura kashi 20, ita ce za ka ga tana kumfa tana warin tsami bayan 'yan makonni. Wannan kar ki kai ta fuska. In kuma ta kwalba za ki saya a shago, duba lambar NAFDAC, ki karanta abin da aka rubuta a jiki, wasu da kansu sun rubuta cewa an haɗa da ruwan sukari, mu ne ba ma karantawa.

Ga yadda ni nake yi yanzu, sau 2 a sati, ba kullum ba. Kafin in fara da kowace sabuwar kwalba, ina shafa ɗan kaɗan a cikin damtsena ko bayan kunne, in bar shi minti 20, in wanke, in jira har gobe. In babu ja babu ƙaiƙayi, shikenan. Sai in wanke fuska da abin wanki marar zafi. A nan zan ɗan tsaya: sabulun salo yana da kyau a jiki, amma yana da kaifi, in fuskarki ta riga ta ji ciwo zai ƙara busar da ita. Ina barin fuskar da ɗan danshi, ba na goge ta ƙarƙaf, domin zuma ta fi bin jiƙaƙƙiyar fata kuma ba ta jan ta. Rabin ƙaramin cokali ya isa duk fuska. In shafa a hankali, in kauce wa ido, in ɗaure gashi sosai don wallahi zuma a gashin goshi masifa ce. Minti 15 zuwa 20, sai in ɗauraye da ruwa mai ɗumi, in dafa tawul mai tsabta, in shafa mai tun fuskar ba ta gama bushewa ba. Ba na kwana da ita. Matashin kai zai yi danƙo, ƙura ta manne, ga kiyashi, kuma babu wani ƙarin amfani da na gani.

Yanzu abokan tafiyar. Lemun tsami pH ɗinsa wajen 2 ne. Kar ku ga kamar tsakanin 2 da 5 ba nisa, kowane mataki ɗaya a wannan ma'aunin ninki 10 ne, wato ya fi fatarki tsami kusan sau 1,000. Bayan haka, lemun tsami, musamman ɗan ƙaramin koren nan namu, yana ɗauke da wasu sinadarai da idan suka zauna a fata rana ta doke su, sai wajen ya ƙone kamar an ɗiga ruwan zafi, ya bar baƙin tabo na watanni. Abin da ya same ni ke nan ranar lakca. Bekin soda kuma can ɗaya ɓangaren yake, wajen 8 zuwa 9, yana wargaza ɗan tsamin da fata ke kare kanta da shi. Girfa tana sa wa mutane da yawa ja da raɗaɗi, kuma wannan raɗaɗin da ake ce muku wai alamar yana aiki ne, fatar ce ke kuka. Sukari ko gishiri da ake cewa a dirje fuska da su, a ƙafa da gwiwar hannu babu laifi, amma a kan ƙuraje kamar ka sa soson ƙarfe ne. Kuma mu masu duhun fata, duk inda fata ta ji haushi ta kumbura, da baƙin tabo take ramawa. Shi ya sa abin da Baturiya ta shafa ta yi ja na awa 2 ya wuce, ke zai bar miki shaida har bayan sallah.

In dole sai kin haɗa da wani abu, kindirmo marar sukari cokali ɗaya ya fi duk waɗancan sauƙi a fata. Kurkum ɗan kaɗan ba ya cutar da yawancin mutane, sai dai zai rina miki fuska da tawul da farce, kar ki yi shi ana gobe za ki fita.

Akwai waɗanda zan ce su bar zumar gaba ɗaya. In kin san harbin ƙudan zuma yana kumbura miki jiki fiye da kima, ko ƙurar fure na tayar miki da atishawa da borin jini, ɗanyar zuma tana ɗauke da ɓurɓushin fure da na ƙuda, ki yi hankali sosai ko ki haƙura. In kika shafa kika ji leɓe ko ido na kumbura, ko numfashi na yi miki wuya, wanke ki tafi asibiti a lokacin, kar ki tsaya turo min saƙo. Ƙurjin da kika matse ya fashe yana jini, kar ki sa masa zumar kasuwa. Sannan iyaye mata, don Allah: jaririn da bai cika shekara 1 ba ba a ba shi zuma, ba a kuma shafa masa a leɓe ko kusa da baki. Tana iya ɗaukar ƙwayar wata cuta mai suna botulizim wadda hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri bai iya ba, tana shanye masa jiki har numfashi. Na san a gidaje da yawa ana lasa wa jariri, na san kuma faɗa wa kaka haka sai an shirya, amma a faɗa. Ke ma mai shayarwa, in kin shafa a fuska, wanke hannu da fuskar kafin ki ɗauki yaro.

Samari, na san kuna saurare kuna yi kamar ba da ku ake ba. Ƙurajen da ke fito muku a wuya da haɓa bayan aski, gashi ne ke lanƙwashewa ya koma cikin fata. Zuma za ta iya ɗan sanyaya wajen, amma maganin yana wurin askin: kar a kankare har ƙasa, a bi yadda gashin ya kwanta, kuma ka mallaki kilifarka.

In ƙuraje ne da gaske suka dame ki, akwai abubuwan da aka gwada aka tabbatar, irin su benzoyil feroksaid, salisilik asid da adafalin. Amma suna bukatar sati 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsu, wasunsu kuma ba su dace da mai ciki ba, don haka a tambayi likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani. Masu manyan ƙuraje masu zafi da ke barin rami, ku nemi likitan fata tun kafin ramukan su yi yawa. Wadda kuma ta gane cewa man da take shafawa irin nawa ne na dā, kar ta tsaya yaƙin ita kaɗai a ɗaki, fatar za ta yi bore idan aka daina, likita ne zai nuna mata yadda za ta sauka daga kansa. Tabo kuwa, abin da ya fi taimaka min shi ne man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka, kullum da safe. Na daɗe ina ganin wannan na fararen fata ne, ashe rana ce ke ƙara dafa tabon kullum yana ƙara baƙi.

Toh amarya, ƙanwata, na dawo kanki. Sati 3 ba za su goge tabo ba, fata kanta tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta samanta. Amma sati 3 sun isa ki ɓata fuskar da mai kwalliya ba za ta iya rufewa ba. Tabo a lafiyayyar fata hoda tana rufe shi cikin minti 5. Fatar da ta ƙone tana saɓa kuwa, duk abin da aka ɗora sai ya tattare. Don haka daga yau zuwa biki kar ki gwada sabon abu ko ɗaya mai ƙarfi. Wanke fuska safe da dare, zuma zalla sau 2 a sati in gwajin damtse ya yi kyau, mai, kariyar rana, barci, kuma ki cire hannunki daga fuskar nan. In masu gyaran jiki sun zo da dilka da halawa, ki tambaye su me ke cikin kowane kwano kafin ya taɓa fuskarki, kuma duk wanda aka ce miki sirri ne ba a faɗa, ki ce a bar shi a ƙafa. Allah ya sa alheri, ya ba da zaman lafiya, a ajiye mana namu cincin ɗin.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa man kaɗanya, don tambayoyinsa sun taru, har da wanda ya tambaya ko yana fito da gemu. Wanda ke da tambaya ya ajiye ta a ƙasan wannan rubutun. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.